Kafin zuwan zardan: yadda laka da kara sunka koyar da ɗiyan Ƙwanni da Adar

  Yau tarihin ƙananan yara munka ɗauko, na wasansu da abin da suke ƙerawa da hannunsu. Ga abin da ya jawo maganar.

Kwanan baya aiki ya kai mu wata makarantar ƙananan yara, irin wadda muke ce ma zardan, cikin wani gari na yankinmu. Mun tarar da aji cike da yara ƴan shekara huɗu zuwa biyar, zaune bisa tabarma, kowa ya harɗe hannu, suna maimaita wata waƙa ta Faransanci. Munka tambayi madam ko suna yin aikin hannu. Ta ce mana: "Wallahi muna so, amma ba mu da kaya. Ba takarda mai launi, ba almakashi, ba lakar nan ta kanti da ake murzawa. Muna jira a aiko mana." Ba mu ga laifinta ba, haka anka koya mata. Da munka fito, jikin katangar makarantar, sai ga wasu yara uku da ba a sa lakkwal ba, sun haɗa mota da karan dawa, har da ƙofa mai buɗewa, tayoyinta kuma na tsohon silifa. Tun ranar abin ke cin mu a rai. Kayan da ake jira daga Yamai, ga irinsu nan bayan katanga. Yaya anka yi munka kai ga wanga hali?

Mu koma baya, zamanin kakanninmu. Yaro a ƙasar Ƙwanni ko ƙasar Adar, daga yaye har ya kai wajen shekara bakwai, ba a ɗora mashi aikin gona. Yana hannun kaka, ko bayan yayarshi, ko cikin ayarin yaran unguwa. Sai dai shekarar tashi a tsare take, kowane lokaci da abin da ake yi cikinshi. Malaman zardan na yau suna da wani tsari da anka koya masu, a ɗauki jigo guda, kamar ruwa ko dabbobi, a gina wasa da waƙa da aikin hannu bisanshi na mako biyu ko uku. Mu namu jigon, yanayin shekara ne ke yanke shi.

Damina lokacin laka ce. Da ruwa ya sauka, fadamu da tabkunan kwarin Magiya sun cika, yara sai bakin ruwa. A kwaɓa laka, a gina sa da tozonshi, a soka mashi ƙahoni na ƙaya, a yi raƙumi, a yi doki da mahayinshi. Yarinya ta gina ƴar tukunya da murhu mai duwatsu uku, ta tuƙa tuwon ƙasa ta yi miyar ganye, ta raba ma ƙawayenta. Duk wanda ya bi hanyar Ƙwanni zuwa Tawa ya san manyan rumbunan laka na ƙauyukan Adar, masu ciki kamar tulu. Yaron da ya kalli magini yana ɗora su da rani, da damina sai ya gina nashi ƙarami, har da marfi. Nan yake gane cewa laka in ruwa ya yi mata yawa ba ta tsayawa, in anka shanya ta cikin rana mai zafi tsagewa take yi, in kuma anka cuɗa ta da busasshiyar ciyawa sai ta yi ƙarfi. Ba wanda ya zaunar da shi ya yi mashi bayani. Sa uku sunka fashe mashi, na huɗu ya tsaya.

Kaka lokacin kara ce. An yanke hatsi da dawa, kara ya cika gari. Ana ɓare ɓawon karan dawa siriri-siriri, a yanka totuwar cikinshi gunduwa-gunduwa. Ɓawon shi ne sanda, totuwar ita ce mahaɗi. Da waɗannan biyu kawai ake yin tabarau, da gado, da kejin tsuntsu. Da motoci sunka fara ratsa garuruwanmu, sai mota ta shigo cikin wasan, bayanta akwatin rediyo, bayanshi jirgin sama. Ƙananan da ba su iya ƙira ba su hau dokin kara su yi ta sukuwa. Ƴan mata su yi ƴar tsana ta kara ko ta ƙashi, a yi mata kitso da zare, a ɗaura mata ƙyalle, a goya ta, har a yi mata suna da buki. Ku lura da abu guda: motar kara ba ta tsayawa daidai sai sandunanta huɗu sun zama tsawo ɗaya. Yaro na gwadawa da yatsa da taƙi, ya rage nan, ya ƙara can. Wannan awo ne da lissafi, tun bai san sunansu ba.

Da ɗari ya shigo, dare ya yi tsawo, sai a koma gindin wuta. Lokacin tatsuniya ke nan, na Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da maganganun karya harshe. Kaka na saƙar faifai ko tabarma da kaba, jika na gefenta, an ba shi ragowar kabar yana koyon tufkar igiya. A garuruwan lambu kamar Galmi da kewayenta, inda albasa ta yi suna har ƙasashen waje, yaro na bin ubanshi, ya yi nashi ƴan fangali cikin ƙasa, ya ja masu hanyar ruwa da yatsa, ya ga yadda ruwa ke bin gangare ya ƙi hawa tudu.

Da rani kuma ƙasa ta bushe, rairayi ya zama allo. A haƙa ramukan dara, a tara tsakuwa a yi ƴar carafke, wadda ba ta yiwuwa sai da ƙidaya da saurin hannu. Maza su yi langa, mata su yi gaɗa a dandali da farin wata. In azumi ya kai kwana goma sai tashe: yara da kansu ke haɗa gemun auduga, da gangar gwangwani, su shafa farar ƙasa da gawayi, su raba ma juna wanda zai zama tsoho da wanda zai zama amarya. Babban yaro ke koya ma ƙarami, ba a biyan ko dala. Ga kuma sana'ar gida: ɗan maƙeri na wasa da zugazugi, ɗiyar maginiyar tukwane na da nata curin yumɓu, ɗan baduku na tsintar guntayen fata.

Kada mu yi ma tarihi kwalliya. Wancan zamani na da nashi ciwo. Tabki ya ci yara, ruwanshi ya sa ma wasu kurkunu, ɓawon kara ya yanke yatsu, kuma ɗiya mata da yawa an raba su da wasa tun da wuri, an ɗora masu reno da talla. Amma abin da ba a iya musu shi ne, yaron da ya kai shekara bakwai hannunshi ya saba da aiki, bakinshi cike da kalmomi.

Akwai kuma makarantar allo, wadda ta daɗe ƙwarai a yankinmu. Kakannin Shehu Usman Ɗan Fodiyo sun zauna ƙasar Ƙwanni tsawon zamani, shi kanshi an haife shi a Maratta, nan kusa da Galmi, a shekarar 1754, kafin iyayenshi su koma Degel. A wannan makaranta ma hannu ba ya zama banza. Masassaƙi ke fitar da allo, amma sauran kayan almajiri ke haɗa su. Ya nemo karan gamba ya fere alƙalami. Ya daka zuge ko ya kankaro baƙin tukunya, ya haɗa da ƙaro, ya samu tawada ya zuba cikin kurtu. Ya wanke allo, ya shafa mashi farar ƙasa, ya jingine ya bushe. Daga babbaƙu ya wuce farfaru, in Allah ya sa ya kai sauka a yi mashi zayyana mai launi. Yaron da ya fere alƙalaminshi da kanshi, ya san darajar abin da yake rubutu da shi.

To, ina abin ya karkace? Cikin watan Mayu na 1899, ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya afka ma Birnin Ƙwanni, ya hallaka jama'a masu yawa, ya ƙone garin. Wannan ita ce sallamar farko da Nasara ya yi mana. Don haka da anka zo daga baya ana neman yara a sa lakkwal, ba abin mamaki ba ne iyaye sunka riƙa ɓoye ɗiyansu. Nijar ta zama koloni a 1922, anka maida babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Makarantar da anka kawo, buƙatar kumandan take biya: tafinta, da magatakarda, da ƴan malamai. Waɗanda sunka fi hazaƙa a tura su makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal. Ranar 3 ga watan Agusta 1960 da ƙasa ta samu ƴancin kai, yaran da ke lakkwal ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Cikin wannan lakkwal, yaron kirki shi ne wanda ya harɗe hannu ya yi shiru. Wanda Hausa ta kuɓuce ma a rataya mashi sambol, wani ƙashi ko guntun icce na wulaƙanci, ya yi ta sauraren ƴan uwanshi har ya kama wanda zai miƙa ma. Tambayi duk wani dattijo da ya yi karatun lokacin, zai ba ka labari. Ke nan abubuwa biyu da yaro ya zo da su daga gida, hannu da harshe, duka a bakin ƙofa yake aje su. Sannu a hankali iyaye ma sunka ɗauka cewa wasa da laka ƙazanta ne, kara kuma kayan ƴan ƙauye.

Abin ban mamaki, waɗanda sunka ƙirƙiro zardan can Turai, ra'ayinsu ya fi kusa da na kakanninmu. Wani malami Bajamushe, Friedrich Fröbel, shi ya raɗa ma makarantarshi ta garin Bad Blankenburg suna "lambun yara" a 1840. Faransawa sunka fassara sunan ya zama jardin d'enfants, mu kuma bakinmu ya maida shi zardan. Mi yake ba yara? Ƙwallon zare, da guntayen katako, da yashi, da laka, da ƴan tsinke tare da ƙwayoyin wake da anka jiƙa, yaro ya soka tsinke cikin waken ya haɗa siffar ɗaki ko kujera. Jama'a, wannan da ɓawon kara da totuwa mi ya raba su? A Faransa kuma, a 1881 anka kafa tsarin da suke ce ma école maternelle, kuma matar da ta fi tsayawa a kanshi, Pauline Kergomard, ta yi ta faɗa da masu son maida wurin ƙaramar firamare, tana cewa a bar yara su koya ta hanyar wasa. A 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a San Lorenzo, wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Cikin darussanta har da zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, da shara, da ɗaura maɓalli. Ayyukan da ƴar shekara huɗu ke yi kullum a tsakar gidanmu.

Sai dai da zardan ya iso Nijar, manyan birane ya fara sauka, don ɗiyan ma'aikata, kuma cikin kwali ya zo: hotunan tuffa da dusar ƙanƙara, da kayan wasa na sayarwa. Munka riƙe kwalin, munka manta da dalilin da ya sa anka cika shi.

An yi yunƙurin gyara, kuma ya kamata a faɗa. A 1964 anka fara koyarwa ta telebijin a wasu azuzuwa, da niyyar fitar da yara daga haddar da ba fahimta. A 1973 anka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci, daga baya anka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fillanci, Tamajak da Barbarci. Mu da munka yi firamare cikin shekarun 1990 da 2000 mun tuna darasin APP, na ayyukan hannu da sana'a. Wanda ya dace da mushe mai himma ya koyi saƙa da dashen itace. A wurare da dama kuwa, gaskiya, APP ta ƙare ne ga sharar fili da ɗebo ruwa. Ranar 1 ga watan Yuni 1998 anka sa hannu bisa dokar da ta tsara ilimi a Nijar, wadda ake kira LOSEN, ita ce ta ba karatun kafin firamare gurbinshi cikin tsarin ƙasa, ta kuma ba harsunanmu wuri. Bayan haka zardan ya riƙa yaɗuwa, har da irin na al'umma a karkara, waɗanda UNICEF ta tallafa ma.

Yaɗuwar ta zo da baƙin ciki nata. Rashin gini ya sa azuzuwa da yawa na zana da kara ne. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara wajen ashirin a unguwar Pays-Bas ta Yamai, mafi yawansu ƴan zardan. A watan Nuwamba na shekarar, wata ta ci sama da ashirin a Maraɗi. Allah ya jiƙansu. Bayan haka gwamnati ta hana sa ƙananan yara cikin irin waɗannan azuzuwa. Don haka in muna maganar kara, maganar abin wasa muke yi a hannun yaro. Ɗakin da zai zauna ciki, wannan haƙƙinshi ne a gina mashi mai ƙwari, balle mu da kamfanin siminti ke Malbaza tun shekarun 1960.

Gida ma ya sake. Maza na wajen bida wata da watanni, uwa ita ce gona ita ce kasuwa. Kara da a da ake bari a gona, yau tara shi ake yi a sayar don abincin dabbobi. Kayan wasa na roba na shigowa ta iyakar Illelar Amarawa da araha, motar da ke karyewa kafin sallar ta wuce, kuma in ta karye yaro bai iya gyara ta. A wasu ƙauyuka rashin tsaro ya kashe dandali, ba mai barin ɗanshi waje da dare. Ga kuma salula, wadda muke miƙa ma yaro don ya bar kuka. Hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri kada a sa shi gaban allon waya ko telebijin sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a yini. Kowa ya duba gidanshi ya ba kanshi amsa.

Mi ke cikin haɗari? Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaron da zai shiga CI bai taɓa murza laka ba, bai taɓa ƙidaya tsakuwa ba, yatsunshi ba su saba riƙe ƙaramin abu ba, ranar farko a miƙa mashi alli a ce ya rubuta harafi cikin harshen da bai ji. In ya kasa a ce ba ya da ƙwaƙwalwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu da kundin da anka fitar a watan Maris na 2025 ya maida Hausa harshen ƙasa, babu sauran dalilin da zai sa madam ta ji kunyar yin tatsuniya cikin aji.

Shawararmu mai sauƙi ce, kuma ba ta jiran kowa. Shekarar karatu na farawa cikin Oktoba, daidai da kaka: jigo ya zama hatsi da kara, yara su ware zangarniyar hatsi da ta dawa, su jera kara daga gajere zuwa dogo, su haɗa gado da mota. Disamba da Janairu, a gayyato wata tsohuwa ta unguwa ta yi tatsuniya, yara su gina Gizo da laka, su koyi tufka da kaba. Fabrairu da Maris lokacin albasa ne: kowane yaro ya dasa tashi cikin gwangwani, ya riƙa gwada tsawon ganyenta da tsinke, a haɗa ɗan ƙaramin rudu irin wanda manoma ke ajiya ciki. Afrilu da Mayu, zafi ya yi zafi, jigo ya zama ruwa: a kira maginiyar tukwane ta nuna yadda ake tulu, a taɓa ruwan randa da na bokiti a ji wanne ya fi sanyi. In akwai azumi cikin shekarar karatun, ga tashe. Launi kuwa, ga gawayi, ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga bula, ga ruwan soɓo. Abin liƙi ga ƙaro.

Sai a kiyaye abu huɗu. Wuƙa da reza hannun babba kawai, shi zai ɓare kara ya ba yara. Laka a kawo ta makaranta, kada a kai yara bakin tabki. Ƙwayar wake da tsakuwa ba na ƴan ƙasa da shekara uku ba ne, don hanci da baki suke kai su. Kuma a wanke hannu da sabulu in an gama.

Ku iyaye, in ɗanku ya dawo da riga duk laka da ɗan sa mai ƙafa uku a hannu, kafin ku yi faɗa ku tambaye shi yadda ya yi shi. Ku malamai, tsofaffin unguwarku na nan, kuma ba za su ƙi zuwa ba in an girmama su an kira su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Muna roƙon mutanen Tsarnawa, Bazaga, Allela, Dogarawa, Badagishiri da Tajaye, kowa ya zauna da kakarshi ko kakanshi, ya tambayi wasannin da sunka yi, da sunan da ake kiran su a garinku, da yadda ake haɗa kayansu. Ku turo mana, mu tara su wuri guda, mu karanta su cikin shiri, mu kuma miƙa ma malaman zardan da ke buƙata. Za mu fara da waccan madam da ke jiran kwali.

Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya albarkaci hannuwansu. Mu kwana nan, sai mun ji daga gare ku.